Saura Minti Goma Sha Ɗaya

Linnea, kin iso saura minti goma sha ɗaya
A rufe littafin shekara.
Duluth ta daskare, tafki ya yi tsit,
Jiragen tama sun kwanta cikin ƙanƙara.
Ubanki na bisa tudu da motar hukuma,
Yana share wa jama'a hanya,
Tasa hanyar ta asibiti tana jira.

Nas Odalys ta dubi agogo, ta dube ni,
Ta ce, "Corinne, yunƙuri ɗaya, kar ki kai gobe,
Wadda ta faɗo yau, a littafin haraji
Kamar tun Janairu take shan madara."
Na so in zage ta, numfashi ya ƙi,
Na yunƙura don haushi, sai ga ki,
Ja wur, hannu a dunƙule,
Kamar mai ɓoyon kwabon da ta tara.

A ɗakin kusa wata tana ta nishi,
A bakin tafki ana harba wuta sama,
Ni yatsunki nake ƙirgawa:
Goma cif, ba ragi, ba saura.

Gidan abincin da nake ɗaukar faranti
Bai san biyan mai jego ba.
Kati suka aiko mai hoton shamuwa,
Na girgiza ambulan, ko sisi,
Sai alkawarin aikina zai saurara.
Tukunyar ɗumama gida ta kama tari,
Wendell ya durƙusa gabanta da tocila
Yana lallashi, ta ƙi jin shawara.
Mako shida na koma bakin aiki,
Nono na tsatsafowa ta rigar aiki,
Ina murmushi, ina tambaya ko a ƙara.

Ƙasan laburare, ranar wata Asabar,
Tsohuwa Aili Koskela, tabarau a hanci,
Tana cika wa mutane takardar haraji kyauta.
Ta ga ranar haihuwarki, ta aje biro,
Ta yi dariya har da buga kujera.
Ta ce, "Wannan 'ya ta iya lissafi.
Nawa ɗan biyu ga Janairu ya zo,
Shekara hamsin ina masa gorin asara."
Gurbin sunanki a takardar ɗan mitsitsi ne,
Bai kai tafin ƙafarki ba.
Suna, lamba, dangantaka: 'ya.
Nan aka zuba daren nan duka,
Da jinin, da ɗinkin, da kukan da kika fara.

Kuɗin ya shigo a watan Maris.
Asibiti ya miƙo hannu, ya ɗebi nasa,
Mai gyaran tukunya ya ɗebi nasa,
Kunzugu, taya ɗaya, bashin ƙanwata,
Kamar a zuba ruwa a rairayin hamada.
Abin da ya rage na raba shi
Da abin da nake samu a dare guda:
Ya ba ni dare goma sha tara.

Na sayi dararen nan daga hannun mai gidana.
A na sha bakwai ina cire miki safa,
Atishawa ta kufce mini,
Kika ƙyalƙyale, dariyar farko,
Baki ba haƙori, kina ta shura.
Da a ce ina can ina goge tebur,
Da a waya za a ba ni bushara.

Jiya a tashar bas na ga ta ɗakin kusa,
Delphine, da ɗanta cikin bargo.
Shi ya zo minti huɗu bayan sha biyu,
Ɗan farin shekara, hotonsa a jarida,
Aka ba su kwandon sabulu da fure.
Ta ce, "Mu sai baɗi." Muka yi dariya,
Dariyar da ba ta kai ciki ba.
Bas ta iso, na riƙe mata jaka,
Ta naɗe keken jaririn, ta tura.